Gilashin da Inna Ta Sa Aka Ɗinke a Fata

Zuwa ga ƙanena Umaru, a ƙasar Turawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar addini da ta zumunta, takardarka ta iso Ƙofar Atiku, shafi huɗu. Sau biyu na karanta ta ina neman inda ka tambayi jikin Inna. Na same shi a ƙarƙashin sa hannu.

Sauran duk bayanin aikinka ne. Ka ce kuna haɗa wasu ƙwayoyi da sunka fi ƙura ƙanƙanta, ku shimfiɗa su a kan gilashi. In an sakar musu lantarki ta sama da ta ƙasa, ƙarfin ya haɗu cikin ƙwayar, sai ta fitar da haske. Wai girman ƙwaya ke yanke launi: ƙarama kore, babba ja. Sannan ka ƙara, ba ko kunya, cewa ba ya jimawa yake dushewa. Madalla. Tun zamanin da kuɗin mai ya sa gwamnatin soja ta kwashe ku zuwa karatu kake can, ga abin da ka samo: fitilar da aci-balbal ta fi ta daɗewa.

Guntun gilashin da ka saka a ambulan, wai mu gani, shi ne dalilin wagga takarda. Inna ta shafa shi, ta ce, "Auta ya aiko min da magani." Ta aika wurin baduku, anka ɗinke shi cikin jar fata kamar laya. Yana wuyanta yanzu. Tana cewa tun da ta rataya shi numfashinta ya yi sauƙi. Bai yi ba, Umaru. Ni ke zaune kusa da ita.

Shekara talatin ina zaure ina karantarwa, ina hana mutane rataya abin da ba su san cikinsa ba. Ga shi a wuyan mahaifiyata, kuma na yi shiru. Ina tsoron ta gamu da Ubangijinta zuciyarta na dogare da tarkacen ɗakin gwajinka. Ina kuma tsoron kallon da za ta yi mini in na kai hannu zan cire shi.

Kai kaɗai za ta bari ka kwance shi. Likita bai ɓoye mana ba, maganar makonni ce. Ka taho, ɗan'uwana.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya yafe mini shiruna, Ya kawo ka tun tana gane murya.

Yayanka,
Abdulƙadir