Ƙarfen Sitiyarin Da Aka Ara A Motar Malam

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Ni dattijuwa ce, karatun yaƙi da jahilci na yi, in an ga kuskure a rubutuna a yi haƙuri. Don Allah ku ba ni shawara a kan wata magana da na daɗe da binnewa, yanzu ɗana ya tono ta bai sani ba.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin da noman rani ya kankama a wajenmu tsakanin Kura da Bunkure, maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, ya sayi a-kori-kura ta hannu, fara, irin ta da mai giya a jikin sitiyari. Da ita yake kwashe kwandunan tumatir daga bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, zuwa kasuwar bakin titi inda motocin Kudu ke lodi, nasa da na mutane. Ba mu yi arziki ba amma tukunya ba ta kwana a kife. Da ƙaninsa ya ga abin yana tafiya, shi ma ya sayar da shanu ya sayi irinta sak, Malam ne ma ya raka shi Kano ya zaɓar masa.

Wata shekara ana tsakiyar ɗibar tumatir zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Malam. Ana cikin haka motar ƙanin ta faɗa rami a kan hanyar kanal, ƙarfen nan na ƙasa da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba ya lanƙwashe, makanikai rak suke ce masa. Lokacin kayan gyara sun yi wuya a ƙasar nan, wanda ya yi wayo a shekarun ya sani. To a wajenmu abin da aka saba, in motarka ta tsaya ta ɗan'uwanka na ajiye, sai ka ari abin da ya lalace ka yi aiki, in ka samu naka ka mayar. Ba a ɗauke shi wani abu ba, kamar aron galma ne. Ƙanin ya shigo ya durƙusa a gaban Malam ya ce Yaya a taimaka da rak ɗin motarka, kafin ka miƙe na mayar. Malam ko kai ba ya iya ɗagawa, ya ɗaga masa hannu kawai. Ina tsakar gida ina jin makaniki yana kwancewa a ƙofar gida.

Malam ya miƙe, mota ba ta miƙe ba. Ya yi magana sau ɗaya, ƙanin ya ce ya zagaye kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano kaf babu, wannan kuwa na yarda gaskiya ne. Da ya sake magana sai mahaifiyarsu ta kira shi ɗaki, ta ce yana tozarta ƙaninsa a idon jama'a saboda guntun ƙarfe, motar ƙaninka ai taka ce, me zai hana ya riƙa ɗaukar maka kaya. Haka kuwa aka yi, sai dai kayan Malam su ake ɗauka a ƙarshe, bayan an gama da na mutanen waje, rana ta gama dafa tumatir a kwando, a isa kasuwa dillalai su taya shi kamar na zubarwa. Kuma ya biya kuɗin mota kamar kowa. Motarmu kuwa da aka ga ta daɗe a tsaye, sai wannan ya zo aron batir, wancan aron taya, kowa maganarsa ɗaya, ai a ajiye take. Ƙarshe Malam ya ɗora ta a kan duwatsu ya lulluɓe da tampol ya koma amalanken shanu. Ƙanin nasa daga wannan mota ya yi babbar mota, ya je Makka, yau Alhaji ne da ake tashi a ba shi wuri. Na yi fushi, na yi kuka a madafa, amma ban taɓa ɗaga murya ba, ba halina ba ne. Da Malam ya kwanta ciwon ajali ya ce da ni, kada ki shiga tsakanin yaran nan da baffansu, ki bar maganar mota ta tafi da ni. Na ce to.

Autana lokacin da aka kwance ƙarfen yana goye, bai taɓa ganin motar tana tafiya ba. Yanzu magidanci ne, yana aiki a Kano, bara ya zo ya yaye tampol ya ce Inna sai na tayar da motar Baba. Na ce ka bar ta, ya yi dariya ya ce Inna ke dai ki shirya gyalenki. Ya kawo makaniki, aka yi inji, aka yi fenti, aka ɗinka kujera, ranar da ta yi ƙara yara suka cika ƙofar gida, ni kuwa na shige ɗaki. Abu ɗaya ya gagara, rak ɗin nan. Ya je Ƙofar Ruwa, ya je Panteka a Kaduna, ya yi ta cigiya a waya har da hoto. Na farko da aka aiko masa na wata ƙirar ce ta baya, ramukan kusoshi ba su hau ba. Na biyu ya hau amma ya cinye, sitiyari sai ya yi ta yawo a hannu kafin taya ta amsa. Wani ya ce a yi walda a haɗa biyun, makanikin ya ƙi, ya ce hanyar kanal siririya ce, ruwa a gefe, shi ba zai sa hannu a abin da zai kai mutum ciki ba. Ya ce mafita ɗaya, a samo matacciyar mota irinta sak a cire.

Kun san inda irinta take. Tana bayan gidan Alhaji, kaji na ƙwai a cikinta. Tun da ya sayi babbar mota ya yasar da ita, kuma ni ban taɓa jin an ce ya sake mata wani rak ba, ina kyautata zaton namu ne a jikinta har yau. Ban faɗa wa yaron ba, a majalisa wani ya tuna masa da motar. Ya tafi da niyyar saye, ya dawo fuskarsa kamar an yi masa albishir da Hajji. Wai Baffa ya ce haba ɗana, ni in sayar maka, ai kyauta na ba ka saboda zumunci. Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Amma Alhaji ya zaunar da shi a gaban mutane ya ba shi tarihi, wai babanka mutumin kirki ne sai dai ba mai riƙon mota ba ne, shi Alhaji ya yi ta yi masa faɗa a kan sakaci bai ji ba, har ta mutu a hannunsa, shi ya riƙa ɗaukar masa kaya don kada iyali su tagayyara. Yaron ya zauna a gabana yana cin tuwo ya ce, "Inna ashe Baba da kansa ya kashe motar nan? Allah sarki, ashe Baffa ya yi mana ƙoƙari." Malam fa, mutumin da ko tsuntsu ya yi kashi a gilas sai ya ɗebo ruwa ya wanke. Na tashi na ce zan duba wuta.

Yanzu ga inda ake. Ba a cire ƙarfen ba tukuna, Alhaji ya ce sai ranar Juma'a bayan an sauko, in 'yan uwa sun taru a gidansa kamar yadda aka saba, ya ce a zo da ni mu gaisa tunda na daɗe ban leƙa ba. Yaron ya ce in daure in je in yi wa Baffa godiya da bakina, har turmin atamfa ya sayo mini. Ya ce kuma ranar da mota ta fara tafiya Baffa zai sa a gaba su zaga gari. Ni ban san ko Alhaji ya manta ba ne da gaske, tsufa ya gyara masa labarin a kansa, ko kuwa ya san Malam ya ɗaure mini baki shi ya sa yake so ya ji godiyar daga gare ni.

In na faɗa wa yaron gaskiya na karya alƙawarin da na yi wa mamaci. Kuma na san ɗana, zuciya gare shi, ba halin ubansa ya ɗauko ba, zai je ya faɗi magana, zai ƙi karɓar ƙarfen, motar da ya zuba wa ƙarfinsa shekara guda ta koma kan duwatsu, su da 'ya'yan Alhaji da suka tashi tare su daina gaisawa. In kuma na yi shiru, to zan durƙusa a gaban mutane in gode wa mutum don ya ba mu kayanmu, ɗana ya ci gaba da ɗaukar ubansa malalaci, ya faɗa wa nasa 'ya'yan haka. Na yi tunanin in ce ƙafa ke ciwo in ƙi zuwa, amma wannan Juma'a ɗaya zai ɗauke mini, maganar sakacin tana nan.

Malam cewa ya yi kada in shiga tsakaninsu da baffansu, bai san za a wayi gari a shiga tsakaninsa da ɗansa ba. Masu ilimi a cikinku ku faɗa mini, alƙawarin nan ya hau kaina har a irin wannan hali? Iyaye mata kuma, in ku ne, za ku bari a ɗaura ƙarfen mota ta tashi sannan ku zaunar da yaron, ko tun kafin Juma'a za ku faɗa masa? Don ni dai na gwada kalmar godiyar nan ni kaɗai a ɗaki, ta ƙi fita.