Kiran Da Na Kasa Mayarwa

Ruwais, Jidda,
Sha'aban, 1431.

Zuwa ga Yaya Lado,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Mariyamu da yara baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Hajiya Rabi'a, wadda za ta miƙa maka takardar nan in ta gama umararta, ta ce min ƙafar ta ɗan saki, har Inna tana fitowa tsakar gida da sanda. Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mana da ranta. Mu nan jiki lafiya lau, ni da autata Madina. Ta yi tsawo har ta kere ni. Hausar tata dai har yanzu sai a hankali, tana jin komai, amma in za ta ba da amsa sai Larabci ya riga fitowa. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, ni da kake cewa in na kira waya sai an yi min ƙaryar tuwo na ƙonewa kafin in ajiye. Dalilin rashin kiran nawa shi ne abin da zan faɗa maka, kuma don Allah ka karanta kai kaɗai, ba a gaban Inna ba.

Yaya, maigidana Malam ya fita aiki ran Talatar makon jiya, har yau bai dawo gida ba. Ban san inda yake ba. In ka ga layi ya karkace ka yi min uzuri.

Bari in fara maka da yadda muke zama, don ka fahimci inda abin ya ɓaci. Ka san wankin mota yake yi a Bagdadiyya, a bakin ofisoshi, kuma ka san ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, tun da muka zo umara muka zauna. Masu irin zamanmu akwai wata dabara da muke bi. Namiji ba ya zuba kati mai yawa a wayarsa, don wanda aka kama bai san inda wayarsa za ta kwana ba. Ɗan abin da zai isa ya yi filashin kawai yake bari, mu nan ranna muke ce masa. Katin gida a wayar mace yake zama. In Malam ya tashi aiki lafiya sai ya yi min ranna ɗaya, ni kuma in ɗora ruwan shayi. In kuwa ranna ta zo a jere, ɗaya na bin ɗaya, to ma'anarta ki kira ni yanzu yanzu. Sai in kira ya faɗa min titin da yake, ni kuma in kira Othman, ɗan garinmu mai tuƙa motar wani Balarabe. Othman yana da iƙama, kafilinsa kuma, Balaraben nan da ya tsaya masa, mutum ne da ake jin maganarsa. Wani lokaci in aka isa wajen kafin motar masu binciken iƙama ta cika ta tashi, akan yi dace a saki mutum. In ta tashi kuwa, halas, magana ta ƙare. Duk shekarun nan ranna ɗaya nake samu, har na saba, na fara ganin katin nan kamar nawa ne na kashewa.

Ana cikin haka sai na'urar sanyaya ɗakinmu ta mutu, wadda ake ce wa mukayyif. Kai da kake kukan zafin Kano, Yaya, ka zo ka kwana ɗaya a ɗakin saman bene a Ruwais cikin wannan wata, za ka koma gida kana neman bargo. Sabuwa ce, da iƙamar Othman aka sayo mana ita, kuma an ce in ta lalace kamfanin ne zai gyara kyauta. Malam ya ce in yi haƙuri zuwa Juma'a ya nemo mai gyara. Ni kuwa da shegen son banza na ce don me za mu biya abin da aka ce kyauta ne. A jikin na'urar akwai lambar kamfanin da manyan haruffa, ta fara da 920. Ran Talatar nan ina gida, bayan Azahar na miƙa wa Madina wayata na ce ta kira, tunda ita ce mai bakin.

Ba mutum ne ya ɗauka ba, wata murya ce ta inji. Ta ce a danna ɗaya, aka danna. Ta ce a danna uku, aka danna. Daga nan sai kiɗa. Can sai muryar ta dawo ta ce ma'aikata duk suna kan aiki, a ƙara haƙuri, sai kiɗan ya ci gaba. Madina ta ajiye wayar a kan tabarma ta buɗe murya, ni ina yanka albasa, har dariya muke yi ina cewa ko biki ake yi a kamfanin. A zatona tunda ba wanda ya yi mana magana, ba abin da ake cirewa. Muna nan zaune sai kiɗan ya yanke. Na ce mata sabis ne, ta sake kira. Ta duba, ta ɗago ta kalle ni, ta ce babu ko halala, wato ko kwabo, a wayar. Katin da Malam ya zuba min jiya-jiya ya tafi, ba mu gaisa da kowa ba.

Ban gama jin haushin wannan ba sai wayar ta yi ƙara ta tsaya. Na ce yau kuma da wuri ya tashi. Sai ta sake. Sai ta sake. Yaya, ban san lokacin da wuƙar ta faɗi daga hannuna ba. Na danna kira, sai wata muryar injin ta ce min ba ni da kuɗi. Na yi ƙoƙarin ɗauka kafin ya katse, amma shi bai san halin da nake ciki ba, yana katsewa ne da sauri kamar yadda muka saba. Matan gidanmu duk sun tafi aikatau, tsohuwa ɗaya ce a ƙasa, ita kuma ba ta da waya. Na zura abaya ko takalmi ban daidaita ba, na sauka da gudu zuwa baƙala, shagon bakin layi, in sayi kati. Ina isa ana kiran La'asar, mai shagon yana jawo ƙofar ƙarfe. Na roƙe shi, na nuna masa wayar tana haske a hannuna. Ya ce salla, salla, in dawo bayan salla, ya sa kwaɗo ya tafi. Ba laifinsa ba ne, haka doka take a nan, kowane shago sai ya rufe. Na tsayar da wani mutum da ke sauri zuwa masallaci na ce ya ara min wayarsa, ya kauce min kamar bara nake yi. Na tsaya a bakin ƙofar nan cikin rana, wayar tana ƙara tana tsayawa, tana ƙara tana tsayawa, ina kallon sunansa. Kafin a sallame ta yi shiru. Da aka buɗe na zuba kati na kira, aka ce wayar a kashe take, kuma a kashe take har yanzu.

Othman ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ya je Bagdadiyya da yammar nan. Wani mai sayar da shayi ya ce masa lallai motar masu binciken iƙama ta zo ta kwashi masu wankin mota, wasu sun shiga hannu, wasu sun watse a guje sun tsallaka babban titi. Ya ga bokitin Malam da tsummansa a gindin wata mota, amma bai ga ko yana cikin waɗanda aka ɗauka ba. Othman ya tambaya a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, aka ce mutane suna da yawa, sai ya riƙa leƙowa. Ka ji inda tsorona yake, Yaya. Malam ba yaro ba ne, gwiwarsa ta dama ba ta gudu, titin nan kuma motoci ba sa tsayawa. Mutumin da ba shi da takarda a aljihu, in wani abu ya same shi, da wane suna za a neme shi a asibiti? Ban taɓa zaton zan ɗaga hannu in roƙi Allah ya sa kama mijina aka yi ba, amma addu'ata ke nan a kowace sujada.

Da na koma aiki gidan Hajiya Hindatu a Safa, matar likitan nan ɗan Zariya da nake yi wa girki, ta ga idona ta zaunar da ni. Da na ba ta labari sai ta kama baki. Ta ce lambobin 920 ɗin nan ba na Jidda ba ne, ba na kowane gari ba ne, na kamfanoni ne, kuma daga lokacin da injin ya ɗauka ake fara ci, har kiɗan da muke yi wa dariya mu muke biya. Ta ce ita ma sun sha ta da farkon zuwanta. Yanzu duk kamfanin da za ta kira sai ta nemi lambarsu ta gari, mai farawa da 02, ko ta tambaya a shagon da ta sayi kayan, ko ta sa likita ya kira daga wayar ofis. Ina dawowa gida ran nan sai ga motar gyaran kamfanin nan a layinmu, ta zo wa maƙwabta. A jikin ƙofarta, da ƙananan haruffa, ga lamba nan mai 02. Sau nawa na wuce motar nan ban duba ba? Na zauna a kan dakalin wani gida na yi kuka har mutane suna kallona.

Madina ce ke ƙara karya min zuciya. Gani take ita ta jawo, tunda yatsanta ne ya danna. Na ce mata ni na miƙa mata wayar, na rantse mata, amma sai ta juya ta fuskanci bango. Ba ta cin abinci sai na tsare ta. Ta tambaye ni in an mayar da babanta, mu ma za mu miƙa kanmu ne a kai mu, kuma wa ta sani a can. Na ce ta san ka, ta san Inna. Ta ce a hoto. Ni kaina ko taku na ji a matakala sai gabana ya faɗi, ban san ko shi ne ko masu ɗaukarmu ne ba. Mukayyif ɗin na nan a mace, ba wadda ta sake maganarsa a cikinmu.

To ga roƙona, Yaya. An ce waɗanda ake mayarwa a Kano ake sauke su, ba sanarwa, daga su sai kayan jikinsu. Unguwarku Kurna ba ta da nisa da filin jirgi. Ka nemi wani a cikin masu ɗaukar kaya ko direbobin wajen, ka ba shi lambarka, duk ranar da jirginsu ya sauka ya sanar da kai. In za ka tambaya, sunansa na fasfo Abdulghani Hussaini, yau dai dole ta sa na rubuta shi. Ka tafi masa da riga da silifa, ya fita da tsofaffin kayan aiki ne. In wani ya ba ka lambar wani kamfani a nan mai 920 ya ce ka kira ka bincika, kada ka ɓata katinka, kiɗa za su sa maka. Ka faɗa wa duk wanda ka san zai zo umarar azumi haka, ya nemi lambar gari tukuna. Kuma ka yi haƙuri da rashin jin muryata. Katin da na saya ranar nan yana nan a wayar, kira ɗaya na yi wa Othman da shi, ban sake taɓawa ba. Ko wanka zan shiga da ita nake shiga, kuma ba na son a kira a tarar ina magana da wani.

Ka gaishe min da Inna, ka ce mata aiki ne ya yi min yawa. Ka gaida Yaya Mariyamu, da Fatu da angonta, da Jabiru, ka ce masa na ji labarin jarrabawarsa, Allah ya yi albarka. Ka gaida Kawu Hadi, ka roƙe shi ya sa mu a addu'a ba tare da ka yi masa dogon bayani ba. Madina tana gaishe ku, da Hausa ta faɗa.

In Allah ya sa ka gan shi, Yaya, kada ka tsaya neman kalmomin da za ka faɗa min. Ka miƙa masa wayarka ya yi min ranna ɗaya. Zan gane, kuma wannan karon zan kira.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Lubabatu.