Kabeji Mai Huji

Litinin, 3 ga Maris
Na dawo daga kasuwa da rabin kabejin. Tun da likita ya hana Baban yara taɓa maganin feshi saboda ƙirjinsa, da hannu yake tsince tsutsa a lambu, amma ganyen sai ya zo da huji. Aiki ya ninka, amfani ya ragu, dole namu ya fi na kowa tsada.

Alhamis, 6 ga Maris
Wata mai gilashi ta tsaya a rumfata tana faɗan gubar da ake ci a abinci, wai irinmu ake nema. Har na buɗe leda. Da ta ji kuɗin sai ta tuna tana sauri. Ina kallo ta sayi na maƙwabciyata, mai sheƙi kamar an shafa masa mai.

Asabar, 8 ga Maris
Ƙafafuna. Ba abin rubutawa.

Laraba, 12 ga Maris
Maƙwabciyar ta ce mu fesa kawai, in ce ba a fesa ba, wa zai sani? Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ma marayu take ci da su. Na yi dariya. Abin haushin, sai da na yi tunanin maganar a mota.

Lahadi, 16 ga Maris
Baban yara ya ga latas ɗin da ya yi yaushi a kwando, ya ce zai koma feshi, ya ɗaure hanci da tsumma. Ni na san yadda ya kwana a zaune bara yana neman numfashi. Na ce, "Ka taɓa tankin feshin nan, ni da kaina zan kai shi bola." Ya fara dariya, ta koma tari.

Juma'a, 21 ga Maris
Wata nas ta saya ba tayi, ta ce za ta turo abokan aikinta. Na sha jin irin wannan alkawarin, amma ita dai ta saya. Sauran kuwa baki ne kawai, kowa na son lafiya in dai kyauta ce.

Talata, 25 ga Maris
Wake ya ƙare a gida. Mai hatsi yana da iri biyu, ɗaya an adana shi ba magani, ya fi tsada. Na daɗe ina juya shi a tafin hannu. Takalmin autata ya tsage, ga maganin tari. Na ce a auna mini mai arahar. Ya auna, ya miƙo mini.

Da na koma rumfa wata mai goyo ta ɗaga kabeji, ta ji kuɗi, ta ajiye a hankali kamar ƙwai. Na san wannan ajiyewar. Tsakin da na saba yi bai fito ba. Na ce, "'Yar'uwa, kawo abin da ke hannunki." Na yanka mata rabi.

Ba wai na sauko ba ne. Gajiya ce.