Golmon Da Ba Amarya

Yaya Saloma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Baba da ciwon gwiwarsa? Yaya yaranki? Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu, na kuma sami aiki.

Wani ƙauye ne aka gina a nan Amurka, irin zaman da Turawan farko suka yi shekaru ɗari huɗu da suka wuce, baƙi suna zuwa kallo. Kullum da safe sai a ba ni riga mai kaushi da fartanya, in shiga gonar taba. A wancan zamanin ganyen taba ne kuɗinsu, da shi suke sayen gishiri da gatari, har da mutum. Ni nake fitowa a matsayin wanda aka saya. Ana ɗaukata hoto, ina murmushi. Maigidana yana ta yabona, wai na iya huɗa kamar a gona aka haife ni. To, a ina aka haife ni?

Jiya na ji ana gaya wa baƙi cewa barorinsu fararen fata shekara bakwai suke noma a sallame su, irina kuwa sai mutuwa. Sai na tuna golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Don kada in yi wa baban Joyce noman shekara bakwai na bar Zuru, wai ni ɗan boko. Yau ga ni duƙe, ba amarya a ƙarshe, tabar ma da kaka zubarwa suke yi.

In kin sami mai zuwa, a aiko mini da daddawa. Idan Baba ya tambaya, ki ce aikin tarihi nake yi. Allah ya tsare ku. Kuma don Allah, kada ki faɗa mini wanda ya yi golmon Joyce.

Ƙanenki,
Dawuda