Tiransifomar da Ta Iso Bayan Habibu

Zuwa ga ƙanina Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Kazaure mun gode Allah. Mahaifiyar Habibu ta fara cin abinci.

Ƙaramar tiransifomar da ɗanka Habibu ya roƙe ka ka aiko masa ta iso, kwana tara bayan rasuwarsa. Burinsa shi ne ya sauya ɓangaren wutar tsohuwar amfilifayar hedifon da ka bar masa, mai ƙara sauti a kunne, domin ƙugin nan da take yi ya ɗauke. Ranar Asabar na zauna a teburinsa na ƙarasa aikin, ina bin zanen da ya bari. A cikin zanen na tarar ya juya ƙafafun kafasito ɗaya, ɗan abin nan mai tace wuta. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban san lokacin da na ɗauki jan biro na kewaye kuskuren ba, har na rubuta a gefe, "Ka zo ka same ni." Sai da na ajiye biron na tuna.

Ƙugin ya ɗauke kamar yadda ya so. Takardar kuwa na ɓoye ta, ban nuna wa mahaifiyarsa ba.

Ku ci gaba da sa shi a addu'a, ku haɗa da mu. A gaida Hajiya.

Yayanka,
Isyaku