Lauyan da ya goge hannu bayan ya gaisa da Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

Shekarata sha bakwai. Iyayenmu sun rasu, Inna, ƙanwar mahaifiyarmu, ke riƙe da ni da Yayana. Tun da ya yi hatsarin babur kansa ya taɓu. Maganarsa ba ta fita, yawu na zuba, amma ya san mu, in ina karanta masa littafin soyayya ma daidai wurin dariya yake dariya. Yanzu Baffanmu, wanda ko asibiti bai leƙo ba, ya je kotu a ba shi riƙon Yaya, wai bai dace mata su riƙa yi wa ƙato wanka ba. Na san inda zai ajiye shi, ɗakin tsofaffin tayoyinsa, ko taga babu.

Inna ba ta yi karatu ba, ta ce in nemo lauya a waya. Anti, da kunya. Wanda hotonsa ya yi kama da jaruman littattafaina na zaɓa, dogo, mai saje da gilashi. Har ina hango shi ya miƙe a kotu yana ceton marayu. Da ya zo gidanmu Yaya ya yi murna, ya miƙa masa hannu. Ya taɓa da yatsu biyu, kuma a gabanmu ya zaro hankici ya goge. Ko sunansa bai tambaya ba, sai toshe hanci. Ni ce ya tambayi lambata, yana kallona sama da ƙasa. In na tuna ƙyamarsa nake ji. Littattafan ma na cusa su ƙarƙashin gado, Yaya yana ta nuna wurin.

Haka duk lauyoyi suke? Zaman kotu ya matso, ba mu da kowa.

Mai Karanta wa Yaya

'Yata, ƙyamar da kika ji daidai ce. Ki toshe lambarsa, ki gaya wa Inna abin da ya yi.

Ba duka suke haka ba. Ku nemi ofishin ba da agajin shari'a kyauta, ko ƙungiyar masu lalura, ku ce kuna son lauyan da ya saba da shari'ar riƙo. Inna ce za ta tsaya a kotu kan riƙon, ke shekarunki ba su kai ba, don haka kada ki je ke kaɗai. Ku tambaye shi irin wannan shari'ar nawa ya taɓa yi. Ku tafi da rahoton likita da maƙwabtan da suka ga hidimar Inna.

Sai dai maganar Baffa kan wanka ba shirme ba ce, alƙali ma zai iya tambaya. Ku samu namiji amintacce ya ɗauki wannan, ko ma ku ce wa Baffan ya zo ya yi. Amsarsa za ta nuna wa kowa nufinsa.

In sabon lauya ya zo, bar duban sajensa, dubi yadda zai gaisa da Yaya. Ki kuma zaro littattafan nan, Yaya bai yi laifin komai ba, yana jiran ƙarshen labari. Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.