Shatin Dutsen Guga a Damtsen Irene

Largo, Oktoba

Yaya Nanret,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, ke da Baban Jang da yara. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Ni jikina lafiya, raina ne a ɓace.

Kin san a kicin ɗin makarantar firamare nake aiki a nan ƙasar waje. Bana an faɗaɗa mana doka: ba malamai kaɗai ba, har mu masu raba abinci da direbobin bas da masu gadi, duk wanda ya ga alamar ana cutar da yaro, dole ya sanar da hukumar kare yara. Ranar da aka tara mu don bayani, abokan aikina tsaki suka yi ta yi, wai an ƙara musu wahala.

Talatar nan Irene, 'yar Martins shugaban mawaƙan cocinmu, ta miƙo mini faranti, hannun rigarta ya zame. Yaya, shatin dutsen guga na gani a damtsenta, wani ɗanye, wani ya warke. Yarinya 'yar shekara takwas. Na ja ta gefe na tambaye ta, ta ce babanta ne, don ta yi fitsarin kwance. Nan take na buga wa hukumar waya.

Ki sa yarinyar nan a addu'a. Ki gaishe mini da Mama.

Ƙanwarki,
Selina

Largo, Nuwamba

Yaya Nanret,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, na ga amsarki, ta sanyaya mini zuciya.

Hukuma ta kai Irene wurin ƙanwar marigayiya uwarta a Fort Washington, likita yana duba ƙunar. Martins kuma an kama shi, an ba da belinsa, zai gurfana a kotu a Upper Marlboro. Ban san yadda aka gano ni ce na kira ba. Ranar Asabar matan zumuntar cocinmu suka cika mini falo, da kular masa da miyan taushe. Mama Olive, shugabarmu, ta ce na tona asirin ɗan gida a ƙasar mutane. Wai in je in ce ban gani da kyau ba.

Na tambaye su ko sun san abin da ke jikin yarinyar. Sai Mama Olive ta ce, "Selina, ai mun daɗe da sani. Shi ya sa muke ɗinka mata anko mai dogon hannu."

Yaya, ki ji fa. Matan da nake cin tuwo da su kwano ɗaya. Na kasa taɓa masar nan, na fitar da kular waje.

Washegari a coci Martins aka ba makirufo ya ja waƙa, aka yi masa addu'a ta musamman, wai yana cikin gwaji. Babu wanda ya ambaci sunan Irene. Na ɗauki jakata na fita, ban sake komawa ba.

Lauyan gwamnati ya kira ni, zan ba da shaida bayan Kirsimeti. Idan alƙali ya tambaye ni ko akwai wanda ya sani kafin ni, zan lissafo masa matan da suka zauna a falona, ɗaya bayan ɗaya, in fara da mai zaɓen yadin ankon.

Ki gaida kowa. Allah ya tsare mana ku.

Taki har kullum,
Selina